Shaidar Dutse: Nazarin Rubuce-rubucen Girkawan Dauri a Matsayin Madogarar Tarihi a Jami'a

Tsakure

Wannan takarda ta yi nazarin rubuce-rubucen da Girkawan dauri suka bari a kan duwatsu da ƙarafa da tsingaro, a matsayinsu na madogarar tarihi, da kuma hanyar da ta dace a bi wajen koyar da su a jami'a. An ɗauko misalai daga birnin Atina na ƙarni na 5 kafin Miladiyya, da tsibirin Kirit, da Delphi, da wasu wurare a arewa maso gabashin Afirka. Takardar ta nuna cewa waɗannan rubuce-rubuce suna ɗauke da bayanan da manyan marubutan tarihi irin su Herodotus da Thucydides ba su kawo ba, musamman game da haraji da bayi da mata da 'yan ƙwadago. Ta kuma fito da wurare uku da ɗalibi kan yi tuntuɓe: cikon da masana ke yi wa gurbin haruffan da suka ɓace, da tantance shekarar rubutu, da manufar wanda ya sa aka yi shi. Matsayar takardar ita ce, kafin a koya wa ɗalibi abin da dutse ya faɗa, wajibi ne a koya masa yadda maganar ta taso daga dutse har ta iso shafin littafi.

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya shiga karatun tarihin Girka ta dauri, da littattafan Herodotus da Thucydides ake fara haɗa shi. Waɗannan littattafai ba su iso gare mu da rubutun hannun masu su ba. Masu juyi ne suka yi ta kwafe su, wannan daga wancan, har tsawon shekaru fiye da dubu, kuma tsofaffin kwafe-kwafen da aka fi dogara da su a yau na ƙarni na 10 ne Miladiyya. Rubutun dutse kuwa yana nan yadda masassaƙi ya sare shi, da kurakuransa da gyare-gyarensa. Wanda ya tsaya gaban allon marmara a Atina, haruffan da mutanen zamanin Pericles suka karanta su ne yake karantawa.

Wannan daraja ce babba, kuma ita ce ke jefa ɗalibi cikin sakaci. Da zarar ya ji an ce a dutse aka rubuta, sai ya ajiye tambayoyin da ya kamata ya yi wa kowace madogara: wa ya rubuta, yaushe, domin wa, da wace manufa. Alhali kuwa yawancin duwatsun nan a farfashe aka tsince su, wasu a jikin katangar gida, wasu a dokin ƙofa, wasu a ƙasan rijiya. Abin da ɗalibi ke gani a littafi aikin masana ne da suka harhaɗa gutsattsari, suka cike giɓi, suka ƙiyasta shekara.

Takardar za ta fara da taƙaitaccen tarihin tattara rubuce-rubucen, sannan ta duba abin da suka ƙara wa saninmu, da wuraren da suke ruɗar mai nazari, sai ta kawo shawarar yadda za a tsara darasin. An yi amfani da K.M. don nuna shekarun kafin Miladiyya. Shekarar Atinawa a tsakiyar tamu take farawa, shi ya sa ake rubuta ta da lamba biyu, kamar 454/3.

2.0 Ire-iren Rubuce-rubucen da Tarihin Tattara Su

Girkawa sun aro haruffansu daga mutanen Finikiya. Daga cikin rubutu mafi tsufa da aka samu da waɗannan haruffa akwai na jikin wata buta da aka tono a maƙabartar Dipylon ta Atina, wadda aka ƙiyasta an yi ta wajen 740 K.M., da na jikin wani kofi daga tsibirin Ischia na Italiya, wanda kusan sa'anta ne. A ƙarni na 7 K.M. birane suka fara sassaƙa dokokinsu. Wata doka daga Dreros a tsibirin Kirit ta hana wanda ya riƙe babban muƙamin gari sake riƙe shi sai bayan shekara goma. Daga ƙarni na 5 zuwa na 4, Atina ta mayar da sassaƙa rubutu al'adar mulki: ƙudurorin majalisa, da yarjejeniyoyi, da lissafin baitulmali, da sunayen waɗanda suka mutu a fagen fama. Su ma talakawa sun bar nasu a duwatsun kabari da alamun gonakin da aka jinginar. Rubuce-rubucen Girkanci da aka buga zuwa yau sun haura 100,000, kuma haƙa na ci gaba da fito da sababbi.

Tattara su ma tsohon aiki ne. Krateros ya haɗa ƙudurorin Atina a littafi tun ƙarni na 3 K.M. A ƙarni na 15 Miladiyya, Cyriacus na Ancona ya zaga Girka yana kwafe abin da ya gani, kuma wasu duwatsun da suka salwanta daga kwafinsa kaɗai aka san su. Michel Fourmont, wanda aka aika daga Faransa a 1728, ya kwafo rubuce-rubuce da yawa na gaskiya, ya cakuɗa su da wasu da ya ƙirƙira, har ya yi alfaharin farfasa duwatsu a Sparta. A 1815 Cibiyar Ilimi ta Barlin ta ɗora wa August Böckh aikin haɗa kundi guda, juzu'in farko na Corpus Inscriptionum Graecarum ya kammala a 1828. Böckh da kwafin matafiya ya yi aiki, bai je Girka ya ga duwatsun ba. Kundin da ya gaje shi, Inscriptiones Graecae, wanda ya faro daga 1873, shi ya tabbatar da ƙa'idar da fannin ke tafiya a kai har yau, wato gani ya kori ji: sai an duba dutsen da ido kafin a buga matani.

Tun 1923 ake fitar da Supplementum Epigraphicum Graecum domin tattara sababbin rubuce-rubuce da gyare-gyaren karatu. Domin ɗalibai kuwa, akwai zaɓaɓɓun matani na Meiggs da Lewis da aka buga a 1969, da juzu'i biyu na Rhodes da Osborne a 2003 da 2017. Gidan adana rubutun dutse na Atina, wanda aka kafa a 1885, yana riƙe da duwatsu kimanin 14,000.

3.0 Abin da Dutse ya Ƙara wa Tarihi

3.1 Kuɗin Daular Atina

Bayan an fatattaki rundunar Farisa, biranen Girka da dama sun ƙulla ƙawance a 478/7 K.M. ƙarƙashin jagorancin Atina, aka ajiye baitulmalin a tsibirin Delos. Thucydides ya ce harajin farko da aka yanka talanti 460 ne, bai kawo bayanin abin da kowane gari ke biya ba. A 454/3 aka ɗauke baitulmalin zuwa Atina. Daga wannan shekara, duk abin da gari ya kawo sai a cire kashi ɗaya cikin sittin a keɓe wa Athena, abar bautar birnin, a kuma sassaƙa sunan garin da adadin da aka cire. Allon farko na wannan lissafi ya haura mita uku da rabi a tsayi, yana ɗauke da shekaru goma sha biyar, kuma daga gutsattsari sama da 180 aka sake haɗa shi.

Ɗalibi na iya yin lissafin da kansa. A gaban sunan Aegina an sa darakma 3,000. In aka ninka sau sittin an samu 180,000, kuma tunda talanti ɗaya darakma 6,000 ne, harajin Aegina talanti 30 ke nan a shekara. Da irin wannan aiki Meritt da Wade-Gery da McGregor suka fitar da juzu'i huɗu tsakanin 1939 da 1953. A cikin jerin ana ganin garin da aka ƙara wa haraji, da wanda aka sassauta wa, da wanda sunansa ya ɓace shekara biyu sannan ya dawo. Haka nan wani ƙuduri na 425/4, wanda Thoudippos ya gabatar ana tsakiyar yaƙi da Sparta, ya ɗaga harajin ƙwarai da gaske, amma Thucydides, wanda shi ne marubucin wannan yaƙi, ko ambatonsa bai yi ba.

3.2 Bayi da Mata da 'Yan Ƙwadago

Marubutan dauri sarakuna da janarori da masu jawabi suka fi damuwa da su. Akawun baitulmali kuwa kowa yake rubutawa, muddin an biya shi ko an sayar da shi. Lissafin ginin haikalin Erechtheion na 409 zuwa 407 K.M. ya kawo sunayen ma'aikata da ladansu. Daga cikin 86 da aka gane matsayinsu, 24 'yan gari ne, 42 baƙi mazauna, 20 bayi, kuma aiki iri ɗaya lada iri ɗaya ake biya, galibi darakma ɗaya a yini. Abin da dutsen bai faɗa ba shi ne aljihun da ladan bawa ya shiga, kuma wannan shirun darasi ne a karan kansa.

A 414 K.M. an yi gwanjon dukiyar mutanen da aka kama da laifin keta alfarmar addini, aka sassaƙa farashin kowane kaya, daga gadaje da tukwane har zuwa mutane. Wani baƙo mazaunin Piraeus mai suna Kephisodoros an sayar da bayinsa goma sha shida. Ƙaramin yaro ɗan Karia ya tashi a darakma 72, wani mutumin Siriya a 301. Daga wannan jeri ne ake sanin ƙasashen da ake kwaso bayin Atina da yadda kasuwarsu take. A Delphi kuma, akwai rubuce-rubucen 'yanta bayi sama da 1,000, da yawansu a jikin katangar da ta tokare harabar haikalin Apollo, tun daga wajen 200 K.M. Mata sun fi yawa a cikinsu. Kusan kashi ɗaya cikin uku an gindaya musu sharaɗin ci gaba da yi wa ubangijinsu hidima, sau da yawa har ya mutu, duk da sun biya kuɗin fansar kai.

Dokar Gortyn a Kirit, wadda Federico Halbherr ya gano a 1884, layi wajen 600 ce a shafi goma sha biyu na bango. Layukan suna tafiya ne kamar shanun huɗa, wannan daga dama zuwa hagu, na biye da shi ya juyo. Ta tanadi cewa 'ya mace tana cin gado, rabin abin da ɗa namiji ya samu, kuma matar da aurenta ya mutu za ta fita da dukiyarta da rabin abin da ta saƙa a gidan. Wanda Atina kaɗai ya karanta zai zaci matsayin mace ɗaya ne a duk faɗin Girka, sai wannan bango ya gyara masa zato. A Dodona kuwa an buga rubuce-rubuce sama da 4,000 na jikin allunan dalma a 2013, masu ɗauke da tambayoyin da mutane ke kai wa wurin duba: batun aure, da haihuwa, da fatauci, da neman wanda ya yi sata.

3.3 Girkanci a Ƙasar Afirka

Wani yanki na wannan taska a nahiyarmu yake. A Abu Simbel, sojojin haya Girkawa da suka bi Fir'auna Psammetichus na Biyu yaƙin Nubiya wajen 593 K.M. sun karce sunayensu da na kwamandojinsu a ƙafar mutum-mutumin Ramesses na Biyu. A Cyrene da ke Libiya ta yau, wani allo na wajen 330 K.M. ya lissafa hatsin da birnin ya aika Girka lokacin yunwa, ma'auni 805,000, inda Atina kaɗai ta samu 100,000. Dutsen Rashid, wanda Turawa ke kira Rosetta, ƙuduri ne na 196 K.M., kuma ɓangarensa na Girkanci ne ya buɗe wa Champollion hanyar karanta rubutun Fir'aunoni a 1822. Sarki Ezana na Aksum a ƙarni na 4 Miladiyya ya sa an rubuta labarin yaƙe-yaƙensa da Girkanci da Ge'ez, haka shi ma Silko sarkin Nobadiya ya bar nasa da Girkanci a haikalin Kalabsha. Mai nazarin tarihin Masar da Sudan da Habasha ba shi da makawa sai ya bi ta kan waɗannan.

4.0 Wuraren da Ɗalibi ke Tuntuɓe

4.1 Giɓi da Ciko

A 1931 masana suka haɗu a Leiden suka amince da alamomin buga matani. Harafin da ya gutsure har ba a tabbatar da shi ba, ana sa masa ɗigo a ƙarƙashi. Haruffan da babu su sam a dutse, waɗanda mai bugawa ya cike da hasashensa, ana sa su cikin baka biyu mai kusurwa. Duk wanda bai san waɗannan alamomi ba, ba zai iya raba maganar dutse da maganar masani ba.

Cikon yana da ƙa'ida. Yawancin ƙudurorin Atina na ƙarni na 5 da na 4 an jera haruffansu ne kowane a ƙarƙashin ɗan'uwansa, layi da layi adadinsu ɗaya, don haka ana iya ƙirga haruffan da suka ɓace. Ga shi kuma ƙuduri yana da kalmomin buɗewa da ba sa canzawa: amincewar majalisa da taron jama'a, da ƙabilar da ke jan ragama, da magatakarda, da shugaban zama, da wanda ya kawo shawara. Cike irin wannan giɓi ba shi da haɗari sosai. Haɗarin yana wurin suna da adadi, wato ainihin abin da masanin tarihi ke nema. Misali, a ƙudurin Thoudippos da aka ambata, alamar farko ta jimillar harajin ta gutsure. Abin da ya rage zai iya zama ƙarshen 960, zai kuma iya zama ƙarshen 1,460. Mafi yawan masana sun zaɓi 1,460 saboda jimillar wasu yankuna da ta tsira ta fi dacewa da shi. Hujja ce mai ƙarfi, amma ya kamata ɗalibi ya san cewa hujja ce ta kai ga adadin. Ernst Badian ya rubuta maƙala a 1989 yana jan kunnen masana game da gina tarihi a kan abin da ke cikin baka. Matsalar ta fi tsanani a fassara, domin littattafan koyarwa da yawa sukan zubar da alamomin don karatu ya yi santsi.

4.2 Tantance Shekara

Atinawa da sunan babban jami'in shekara, wato arkon, suke ƙidayar shekaru. In sunan ya tsira, an huta. In ya gutsure, sai a koma ga siffar haruffa, kuma a nan ne aka yi muhawarar da ta fi kowace tsawo a fannin. Harafin sigma yana da tsohuwar siffa mai sanda uku da sabuwa mai sanda huɗu. An daɗe ana koyar da cewa mai sanda uku ta daina fitowa a rubutun hukuma wajen 445 K.M. Bisa wannan ƙa'ida aka kai wasu ƙudurori masu tsanani kan ƙawayen Atina, kamar wanda ya tilasta musu amfani da kuɗinta da ma'auninta, zuwa zamanin Pericles. Tun 1961 Harold Mattingly yake cewa ƙa'idar ba ta da tushe, kuma ƙudurorin sun fi dacewa da shekarun yaƙi na bayan mutuwar Pericles a 429. Shekaru kusan talatin yana wannan magana kusan shi kaɗai.

Abin da ya raba gardama shi ne dutsen yarjejeniyar Atina da Egesta ta Sisili, wanda ke da sigma mai sanda uku. Fuskarsa ta side, haruffa biyu na ƙarshen sunan arkon kaɗai ke fitowa sarai. Masu bin tsohuwar ƙa'ida suka karanta Habron, na 458/7. Mattingly ya ce Antiphon ne, na 418/7. A 1990 Mortimer Chambers da abokan aikinsa suka buga sakamakon binciken da suka yi da hasken lesa da ingantattun hotuna, wanda ya goyi bayan Antiphon, daga baya kuma Angelos Matthaiou ya sake duba dutsen ya tabbatar da haka. Haruffa biyu ko uku suka matsar da yarjejeniya shekara arba'in, suka kawo ta dab da harin da Atina ta kai Sisili a 415, suka kuma tilasta sake duba lokacin da ƙawancen ya rikiɗe ya zama daula. Dalilin kuskuren ba ɓoyayye ba ne: tsohon masassaƙi da yaronsa suna iya aiki a shekara ɗaya, kowa da hannun da ya saba. Aikin Stephen Tracy na gane hannun ɗaiɗaikun masassaƙa ya ƙara tabbatar da cewa mutum ake bi, siffar harafi ita kaɗai ba ta isa ba.

4.3 Manufar Mai Rubutu

Sassaƙa marmara kuɗi ne, ba a yin sa sai da dalili. A 1959 Michael Jameson ya ci karo da wani allo a Troizen, ya buga shi a 1960. Matanin ya ce ƙudurin Themistocles ne na 480 K.M., lokacin yaƙi da Farisa: a kwashe mata da yara zuwa Troizen, tsofaffi da kaya zuwa Salamis, a shirya jiragen yaƙi 200, ɗari su tafi Artemision, ɗari su tsaya gadi. Wannan ya nuna tun kafin gwabzawar Thermopylae aka tsara barin gari. Herodotus kuwa ya nuna cewa bayan faɗuwar Thermopylae ne aka kwashe mutane cikin gaggawa. Sai dai haruffan allon na ƙarni na 3 ne, wajen shekara 200 bayan aukuwar abin. A 1961 Christian Habicht ya sa shi cikin jerin takardun da ya ce 'yan siyasar ƙarni na 4 ne suka ƙirƙira don zaburar da Atinawa. Wasu masana na ganin akwai tsohon ƙuduri na gaskiya a ƙarƙashinsa wanda aka sabunta wa harshe. Ko wanne ne daidai, allon shaida ce ingantacciya a kan yadda jikoki suka so a tuna da kakanninsu, kuma shaida ce mai rauni a kan abin da ya faru a 480.

Tsingaron ƙuri'ar kora ma haka. A Atina mutum kan karce sunan wanda yake so a kora daga gari na shekara goma a kan tsingaro. An samu sama da 10,000, kuma a kallon farko muryar talaka ce tsantsa. Amma a 1937 Oscar Broneer ya tono guda 190 a wata rijiya a gefen Akropolis, dukkansu da sunan Themistocles, da aka duba sai aka ga hannu goma sha huɗu ne kacal suka rubuta su. Wato akwai waɗanda suka shirya su tun kafin ranar ƙuri'a.

Abu biyu za a ƙara. Ƙuduri yana faɗin abin da aka zartar, ba ya faɗin ko an aiwatar. Sannan abin da ya tsira bai wakilci abin da aka yi ba: Atina ta yi rubutu da yawa a marmara, Sparta kaɗan ta yi, garuruwan da suka yi a tagulla kuwa an narke yawancinsa.

5.0 Yadda ya Kamata a Tsara Darasin

Bisa abin da ya gabata, takardar na ba da shawarar matakai huɗu a zangon karatu guda.

Mataki na farko shi ne dutse a matsayin abu. Ɗalibi ya san inda aka kafa shi, da girmansa, da inda aka tsince shi. A nuna masa yadda ake ɗaukar tambarin rubutu: a wanke dutse, a shimfiɗa jiƙaƙƙiyar takarda mai kauri, a bubbuga ta da burushi har ta shiga kowane sara, a bar ta ta bushe, sannan a ɓare. In aka karkata ta a gaban fitila, saran da ido bai gani a dutse ba yakan fito. Labarin bagadin Peisistratos ƙarami ya dace da wannan mataki. Thucydides ya ce haruffansa sun dushe, amma da aka tono shi a 1877 sai ga su raɗau. Bayanin da aka fi karɓa shi ne fentin da ake cusawa cikin haruffan ne ya koɗe a zamaninsa.

Mataki na biyu shi ne matani. A koyar da haruffan Girkanci da alamomin lissafi da alamomin Leiden. A ba ɗalibi hoton dutse da bugaggen matani da fassara, a ce ya ja layi ƙarƙashin duk kalmar fassarar da ta fito daga cikin baka. Ɗaliban da suka taso da sanin cewa ana duba isnadi kafin a yi hukunci da matani ba za su sha wahalar gane hikimar wannan ba.

Mataki na uku shi ne gwama dutse da littafi. Yarjejeniyar da Atina ta ƙulla da Argos da Mantinea da Elis a 420 K.M. tana cikin littafi na biyar na Thucydides, kuma an samu guntun dutsenta. Akwai 'yan bambance-bambancen lafazi, ma'ana kuwa ɗaya ce. Ɗalibi ya nemo su, ya faɗi abin da suke nunawa game da amanar marubucin da ta masu juyi.

Mataki na huɗu shi ne muhawara. A raba aji biyu a kan ƙudurin Themistocles ko kan sigma mai sanda uku, kowane ɓangare ya kare matsayinsa da hujja. Jarrabawa ta kasance sharhin matanin da ɗalibi bai taɓa gani ba.

Kayan aiki sun samu. Rumbun Packard Humanities Institute yana ba da matanin Girkanci kyauta a intanet, shafin Attic Inscriptions Online kuma, wanda Stephen Lambert ya buɗe a 2012, yana ba da fassara da sharhi. A 2022 mujallar Nature ta buga rahoton Ithaca, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai cike giɓin rubutu. Ita kaɗai ta dace da kashi 62 cikin ɗari, masana su kaɗai kashi 25, da suka yi aiki da ita kuwa suka kai kashi 72. Abin amfani ce a hannun wanda ya san aikin, amma duk abin da ta cike, cikin baka zai zauna kamar na kowane masani. Ɗalibin digirin farko zai iya matakan nan da fassara mai alamomi. Wanda zai yi digiri na biyu ko na uku a fannin kuwa, dole ya ƙware a Girkanci.

6.0 Amfanin Darasin a Jami'o'inmu

Jami'ar Ibadan tana koyar da Girkanci da Latin tun kafa ta a 1948, amma ba sai an buɗe irin wannan sashe ba kafin a ci moriyar fannin. Horon da yake bayarwa yana aiki a kan madogaranmu na gida. A 2003 Paulo de Moraes Farias ya buga kundin rubuce-rubucen Larabci na duwatsun kabari da na jikin tsaunuka daga Essuk da Saney da Gao da Bentyia a ƙasar Mali, na ƙarni na 11 zuwa na 15. A cikinsu akwai sarakuna da sarauniyoyin da ba su dace da jerin da tarihohin Tumbutu na ƙarni na 17 suka kawo ba, abin da ya sa aka sake duba yadda aka rubuta waɗannan tarihohi da manufar masu su. Tambayoyin da ya yi wa duwatsun Gao su ne ake yi wa na Atina. Rubutun Tifinag da ke jikin duwatsun Azbin ma yana buƙatar masu irin wannan horo.

7.0 Kammalawa

Takardar ta nuna cewa rubuce-rubucen Girkawan dauri sun cike manyan giɓi a tarihin haraji da bauta da gado da ƙwadago, kuma wani yankinsu tarihin Afirka ne kai tsaye. Ta nuna kuma cewa kowane matani da ke littafi ya ratso ta hannun mai haƙa da mai harhaɗawa da mai cikewa da mai fassara, kuma kowannensu na iya kuskure, kamar yadda dutsen Egesta ya tabbatar. Ɗalibin da ya iya raba abin da ke dutse da abin da ke cikin baka ya samu horon da zai yi masa amfani a kan kowace takarda, ta sarki ce ko ta gwamnati. Don haka ana kira ga sassan tarihi da na nazarin kayan tarihi a jami'o'inmu da su sa nazarin rubutun dutse cikin darasin hanyoyin bincike tun daga digirin farko, su kuma haɗa misalan Girka da na Gao da na Azbin a manhaja ɗaya.